Godiya Ga Mutanen Zangon Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, mun iso gida Zariya lafiya, ni da maiɗakina da jaririn da Allah ya ba mu a Ghana. Tun da muka sauka waya ba ta huta ba, wannan ya kira daga unguwar Aboabo, wancan daga Asawase, duk a Kumasi, kowa yana tambayar ya hanya. Hanya da sauƙi. Daga Kumasi zuwa Accra, mu ƙetare ta Aflao, mu ratsa Togo da Benin mu shigo ta Seme, babu abin da ya same mu sai gajiyar zama da yawan shingayen bincike. Bakina ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuto nan.

Godiyata ta farko bayan Allah ga malaminmu take, wanda jama'ar masallaci a zangon Kumasi suka rubuto wa suna neman wanda zai riƙe musu makarantar dare da tafsirin azumi, ya tsallake waɗanda suka girme ni ya ce in tafi. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Sai Baba mai masaukina. Baba, ɗakin da ka ba mu na ɗanka ne, ka tashe shi ya koma shago, kuma har muka taho ba ka taɓa bari maganar kuɗin haya ta fito daga bakina ba. Abin da na fi ƙaruwa da shi a wurinka shi ne zaman da muke yi bayan la'asar a kan benci a ƙofar gida. A nan ka ba ni labarin kakanka Bakano, bafataken goro, wanda ya bi ayari zuwa Gwanja ya zauna a Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, wasu suka nufi Kete Krachi inda Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. A nan kuma ka ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar, yadda aka loda maƙwabtanku a manyan motoci, mutanen da a zangon aka yanke musu cibiya, aka nufi da su ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Ranar ka yi shiru mai tsawo, ni ma ban iya cewa komai ba. Tun daga ranar na san su wa nake karantarwa, kuma na daina ɗaga murya a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Iyayenmu mata na unguwa, ban san ta ina zan fara ba. Hajiya mai koko da ke bakin masallaci, kullum aka sallame asuba kofina na ajiye a gefe an rufe shi da faranti, ga ƙosai a takarda, ga yajin citta da kanumfari yana tashi. In na miƙa kuɗi sai ki ɗaure fuska ki ce, "Malam, so kake a yi mini dariya a layin nan?" Allah ya biya ki da gidan Aljanna. Matan gidan Baba su suka koya wa maiɗakina dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, da ganyen dawa, suka zauna da ita har ta iya kirɓa sakwarar rogo da ayaba, su ne kuma suke riƙe hannunta cikin cunkoson kasuwar Kejetia, wadda baƙo shi kaɗai in ya shiga sai an nemo shi. Da kewar gida ta dame ta, wata baiwar Allah ta nemo mata kuka da daddawa daga wajen 'yan arewa masu kawo kaya daga Tamale da Bawku.

Ɗalibaina na makarantar dare, ku kuka sa aikin ya yi daɗi. Akwai direbobin tirotiro, wato ƙananan bas na haya, da ke ajiye mota su shigo da gumin rana a jikinsu, akwai makanikai daga Suame da baƙin mai bai gama fita daga farcensu ba, akwai tsofaffin mata da suka fara daga alif suna da jikoki. Ɗaya daga cikinsu, ranar da ta haɗa baƙi ta karanta Fatiha daga cikin Mus'hafi da yatsanta a kan layi, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, duk ajin muka yi ta kabbara. In aka ɗauke wuta ba wanda ke tashi, sai fitilun waya su kunnu a ci gaba. Alaramma mai ja mini baƙi, kai ka san sau nawa ka tsaya ka maimaita aya don ka ga mutane ba su gama fahimta ba, kuma kai ne kake juya bayani zuwa Twi, harshen Asantawa, ga waɗanda Hausa ba ta zauna musu ba. Rabin ladan tafsirin nan naka ne, in Allah ya karɓa.

Yanzu ga abin da ya fi sa ni wannan rubutu.

A goman ƙarshe na azumi, ina masallaci muna tahajjud, naƙuda ta kama maiɗakina kafin lokacin da aka ɗiba mata, ga jini ya ɓalle. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, Ba'asantiya ce Kirista, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, ita ta ji ihun matan gida. Ta shigo da zane ɗaya a ƙirji, ta duba, ta ce ba a jiran kowa. Ita ta tayar da ɗanta ya fito da mota, ita ta zauna a baya ta rungume ta har asibiti, ita ta yi magana da ma'aikata da harshensu aka shiga da ita nan take. Ni sai a ƙofar ɗakin tiyata na same su, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Ta kama hannun rigata ta zaunar da ni, ta ce da 'yar Hausarta, "Malam, yi addu'a, ni ma ina yi." Mama, ba ni da abin da zan biya ki. Na sha jin yadda Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika a Accra a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, na ɗauka lamarin manya ne kawai. A daren nan na ga irin wannan zumunci a bayan katangata.

Da likita ya fito ya ce ana buƙatar jini, ladan ya sanar a lasifika. Kafin a yi sahur samarin zango sun cika barandar asibitin, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, wasu ma ba masallacinmu suke salla ba, har da waɗanda muka sha bamban da su a kan mas'aloli. Aka ɗibi na waɗanda ya dace, sauran suka ƙi tafiya sai da aka ce ta farfaɗo. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka kwana a tsaye, Allah ya yi wa zuri'arku albarka. Kwamitin masallaci kuma sun biya kuɗin asibiti ban sani ba, sai da na je wurin biya aka ce an gama.

Ranar suna ta faɗo bayan ƙaramar salla, unguwa ta cika. Ragon wani ɗalibina mahauci ne ya kawo, ya rantse ba zai karɓi ko sidi ɗaya na kuɗin Ghana ba. Yaron sunan Baba mai masauki ya ci, kuma da yardar Allah zai taso ya san dalili.

Ban manta da na gida ba: ƙanena da ya riƙe mahaifiyarmu da gona duk tsawon rashina, da surukaina da suka yi haƙuri 'yarsu ta haihu nesa da su.

Makaranta na hannun Alaramma da manyan ɗalibai biyu, karatu ba zai tsaya ba. Rufin ajin mata yana yoyo, ga damina ta biyu tana tafe wajen Satumba, don haka duk mai niyyar taimakawa ya nemi kwamitin masallaci kai tsaye. Baba, a gaida Hajiya da yara, a kuma shiga a gaida mini Mama, a gaya mata jikanta yana shan nono sosai. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya zaunar da Ghana da Najeriya lafiya, ya sake haɗa fuskokinmu. Amin.