Bayan na sabunta BIOS

Kwamfutata ta hannu ta nemi in sabunta mata BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, na jona caja na ƙyale ta. Da ta sake kunnuwa sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na ta gurnani. Yatsana har ya hau maɓallin kashewa, na janye. Wasu kwamfutocin kan ɗauki mintuna suna sake gwada RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) bayan irin wannan aiki, kuma katse wuta ana tsakiyar rubuta BIOS na iya kashe kwamfuta murus.

Allo na dawowa, sai ga shuɗin shafi: BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai, na neman makullin ceto mai lambobi 48. Wannan ba lalacewa ba ce. TPM, ɗan guntun tsaro da ke riƙe da makullin faifan, shi ke auna duk abin da ke tashi kafin Windows, da ya ga BIOS ya canja sai ya riƙe makulli. A waya na buɗe asusuna na Microsoft na kwafo lambobin, shida-shida har gida takwas, ido na ruwa.

Inda na sha wuya shi ne gaba, Windows ta ce sam ba ta ga faifai ba. Ashe saituna ne suka koma na asali, yanayin faifan, wato hanyar da kwamfuta ke magana da shi, ya tashi daga AHCI ya koma RAID. Layi ɗaya tak a cikin BIOS! Na mayar da shi, ta tashi lafiya lau.

Batir ma ya ƙi ɗaukar caji, sai da na zare caja na danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Yanzu kafin kowace sabuntawa ina dakatar da BitLocker, in ɗauki hoton saitunan BIOS da waya.