Kwana biyu a Cork da ɗan guzuri: Asabar ta ciki, Lahadi ta ƙafa

Sau biyu na je Cork, birni a kudancin ƙasar Ireland, daga Dublin hutun ƙarshen mako. A karon farko na bar babbar kasuwar garin, English Market, sai Lahadi, na je na tarar da ƙofa a garƙame. Kasuwar ba ta ci ran Lahadi. Daga Litinin zuwa Asabar take buɗewa, kuma kafin shida na yamma masu kifi sun fara wanke tebura. Da na koma sai na juya tsarin: duk abin da ya shafi ciki na gama shi ran Asabar, yawon da ba ya cin kuɗi na bar wa Lahadi.

Jirgin ƙasa daga tashar Heuston ta Dublin zuwa tashar Kent ta Cork yana cin kusan awa biyu da rabi, bas kuma wajen awa uku. Bas ta fi araha, sai dai in ka sayi tikitin jirgin ta intanet tun da sauran kwanaki, don na ranar tafiya tsada gare shi. Na tashi da asubar Asabar, saboda haka kwana ɗaya kawai na biya a masauki, kuma masauki ne ke lashe mafi yawan guzuri. Gado na kama a ɗakin haɗaka, a gidan baƙin da ke da kicin na kowa da kowa. Kicin ɗin nan shi ya rage mini kuɗin abinci har sau uku. A kiyayi ƙarshen makon da ke ƙarshen Oktoba, lokacin bikin kiɗan jaz: gado yana wuya, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuma ya sani bizar Shengen ba ta shiga Ireland, tasu daban take. Kuɗinsu Yuro ne, soket ɗinsu mai baki uku irin na Najeriya.

Tsakiyar garin tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin Lee, da ƙafa ake gama shi. Wannan ne ma ke ɓatar da baƙo, don sai ka tsallaka gada ka ɗauka ka dawo inda ka fito, alhali ɗaya reshen ne. Hasumiyar cocin unguwar Shandon na riƙe a matsayin alama: in tana gabana, arewa na dosa.

Kasuwar tana nan tun 1788, rufaffiya ce, shiga kyauta. Ga wanda ba ya cin alade, nan ne ake bukatar buɗe ido. Abin da suke kira pudding a teburin mahauta ba kayan zaƙi ba ne. Baƙin da jini ake yin sa, farin kuma galibi da kitse da naman alade. Saura ƙiris in sayi farin don na gan shi kamar alkaki a naɗe, sai mai sayarwar ta lissafa mini abin da ke ciki. Drisheen, abincin da mutanen Cork ke tinƙaho da shi, shi ma jini ne, ana haɗa shi da tumbi a dafa cikin madara. Crubeens ƙafar alade ce. Naman sa mai kayan yaji da garin ya shahara da shi na sa ne tsantsa, amma yankan ba na Musulunci ba ne, kowa ya san inda ya tsaya a kan wannan.

Abin da ya rage mai yawa ne, kuma shi ne mai arahar. Na sayi kifin makarel mai hayaƙi guda biyu, da burodinsu mai ruwan ƙasa wanda ake kwaɓawa da tsamin madara da bakin soda, da ɗan yankan cuku, da man shanu mai gishiri. Burodin nauyi gare shi, yanka biyu da shayi sun riƙe ni har la'asar. Shayin Barry's ɗan garin ne, a kowane shago akwai shi. Wannan cefanen ya ishe ni abincin rana, da karin kumallon Lahadi, da guzurin hanya.

Da dare na ci soyayyen kifi da dankali, amma sai da na yi tambaya biyu: ko akwai giya a ƙullin da ake tsoma kifin, da kuma irin man da ake suya da shi. Wasu shagunan da giya suke kwaɓa ƙullin don ya yi ƙaras-ƙaras. Haka miyar kifi mai kauri da ake kira chowder, sau da yawa akan yanka naman alade ƙanana a ciki, ba lallai a rubuta a takardar abinci ba. Farfesun naman sa ma akan zuba masa baƙar giyar garin. Ba sa jin haushin tambaya, sun saba da masu cewa jikinsu ba ya karɓar kaza da kaza. Ruwan famfo kyauta ne in ka nema, kuma gorar roba tana da kuɗin ajiya, santi 15 ƙarama, 25 babba, ana mayar maka in ka jefa ta a injin babban kanti.

Wuri ɗaya na yarda na biya kuɗin shiga, hasumiyar cocin St Anne da ke Shandon, ginin 1722. Matakala 132 ce, tana ƙara matsewa kana hawa. A hawa na farko akwai igiyoyi takwas masu lamba da takardar waƙoƙi, kai da kanka za ka ja ka kaɗa ƙararrawar garin ya ji. Sai a ba ka abin toshe kunne, don za ka ratsa ta gefen ƙararrawar kana sunkuye tsakanin katakai yayin da wani baƙon ke ja a ƙasa. Kada ka hau da jakar goyo. Agogon hasumiyar fuska huɗu gare shi, 'yan garin na kiransa maƙaryaci don fuskokin ba sa faɗin lokaci ɗaya. Daf da wurin tsohuwar kasuwar man shanu take, wadda a ƙarni na 19 babu kamarta a duniya.

Sauran duk kyauta na gani. Ganuwar Elizabeth Fort, wani tsohon sansanin soja, ana hawa a hango garin. Harabar jami'ar Cork a buɗe take, akwai baranda mai jerin duwatsu masu tsohon rubutun Ogham, zane-zane a gefen dutse kamar tsagar fuska. A nan George Boole ya koyar da lissafi tun daga 1849, wanda lissafinsa na i ko a'a ke ƙarƙashin kowace kwamfuta. Daga can sai lambun Fitzgerald da gadar nan mai rawa in ana tafiya a kanta.

Lahadi da hantsi na hau jirgi daga Kent zuwa Cobh, wani gari a bakin teku, ana faɗinsa Kov, tafiyar kusan minti 25, katin Leap na biyan kuɗin bas da jirgi yana aiki. Nan ne Titanic ya yi tsayawarsa ta ƙarshe ran 11 ga Afrilun 1912, ya ɗauki mutum 123. Ban shiga gidan tarihin Titanic ɗin ba. Na hau tudu zuwa babban cocin St Colman, na kalli jerin gidaje masu launi-launi da tashar ruwan, na ci ragowar kifina a bakin teku. Jiragen Lahadi ba su kai na sauran ranaku yawa ba, don haka tun ina sauka na duba lokacin na komawa, na bar tazarar awa guda kafin motar Dublin.

Lema ba ta da amfani a tudun Cobh, iska ta karya tawa cikin minti biyar. Rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya shan ruwa su ne kayan aiki. Lokacin salla ma yana canza tsarin yini: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, a Disamba kuwa kafin huɗu da rabi an yi magariba, wanda ke nufin hawan Shandon sai da safe.