Targaɗen idon sawu da makonni takwas a ɗakin gashin ƙashi

A hunturun bara, bayan sallar la'asar, a filin da muke buga ƙwallo a Mabera, na yi tsalle zan sa wa ƙwallo kai, da na sauko sai ƙafata ta dama ta dira a kan ƙafar wani, tafin ya lanƙwashe ciki, na ji wani abu ya ce ƙas a idon sawuna. Duk wanda ya san filayen unguwa a Sakkwato ya san yadda ƙasarsu take bushewa da rani ta yi tauri kamar daɓe, ga ramuka ga tsakuwa. Kafin a kira magariba ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Abokan wasa suka ɗora ni a kan babur zuwa gidan wani dattijo maɗori. Ya lalubi ƙashin da yatsunsa, ya ja ƙafar har na ga taurari da rana, ya shafa man zafi, ya naɗe ta da ƙyalle, sannan ya ce: "Ɗana, targaɗe ne, babu karaya, nan da kwana bakwai ka koma fili." Gaskiya ya faɗa game da karaya, kuma ba ni da niyyar cin mutuncin maɗora, domin sana'a ce ta gado wadda mutanenmu suka dogara da ita tun kafin a gina asibiti. Laifin nawa ne da na ɗauka cewa tafiyar zafi ita ce warkewa. Kwana goma na yi na koma wasa, kuma cikin wata huɗu ƙafar nan ta sake turguɗewa har sau uku, na ƙarshen ma ba a fili ba, ina saukowa ne daga matakalar masallaci. Sauri ya haifi nawa. Daga bisani kuma ƙuguna ya fara ciwo, saboda ɗingishin da na daɗe ina yi ba tare da na lura ba.

A lokacin ne na shiga kallon bidiyoyin nan da suka cika Facebook, inda ake kwantar da mutum a danna masa gadon baya ko a murɗa wuyansa, ƙashi ya yi ƙara, ya tashi yana murmushi. Sunan wannan sana'a kayirofiraktik, kuma wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya assasa ta a shekarar 1895 a garin Davenport na Amurka. Shi a ganinsa yawancin cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke tasowa, da'awar da binciken likitanci bai tabbatar da ita ba. Abin da aka gano shi ne, danna gadon baya da hannu yana rage wa wasu mutane ciwon ƙugu, gwargwadon yadda motsa jiki da sauran hanyoyin jinya suke ragewa, shi ya sa manyan ƙungiyoyin wasanni a Amurka suke ajiye irin waɗannan ma'aikata tare da likitoci da masu gashin ƙashi. Ƙarar da take burge masu kallo kuwa iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda muke ji idan mun lanƙwasa yatsu, ba wani ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Murɗa wuya da ƙarfi yana da hatsari, domin ko da yake ba kasafai ba, yakan yaga jijiyar jinin da take hawa ƙwaƙwalwa har a samu shanyewar ɓarin jiki. Wannan ne yake ba ni tsoro idan na ga samari suna kwaikwayon bidiyon a kan junansu a bakin fili. A Najeriya masu wannan sana'a ba su da yawa, kuma hukumar da aka kafa a 1988 domin yi wa masu gashin ƙashi rajista ita ce take da hurumi a kansu.

Da ciwon ya ishe ni sai na tafi sashen gashi na asibiti. Na zaci za a kunna mini wata na'ura, amma ma'aikacin, wani matashi mai yawan tambaya, ya fara da danna bayan ƙasusuwan idon sawun guda biyu, ya kuma tambaye ni ko na iya yin taku huɗu a ranar da na ji ciwon. Ya ce da waɗannan alamu suke gane wanda yake bukatar hoton ƙashi. Sannan ya ce: "Malam, cire takalmi ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka rufe ido." Da ƙafar hagu na kai kusan rabin minti. Da ta dama ko daƙiƙa biyar ban yi ba na kama bango, alhali a ranar idon sawun ba ya yi mini zafi.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan. A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi uku masu ɗaure ƙashi da ƙashi, kuma ta gaban ce ta fi yagewa idan tafin ƙafa ya juya ciki. A cikin jijiyoyin nan da tsokar da ke kewaye da su akwai ƙananan kafofin ji masu sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka, domin tsoka ta gyara ta kafin mutum ya farga. Targaɗe yana dagula wannan saƙo, kuma kumburi yana iya sacewa, zafi ya tafi, saƙon bai dawo daidai ba. Ja da murza ba sa dawo da shi, sai an sake koya wa ƙafar aikinta.

Aikin kuwa babu abin burgewa a cikinsa. Ina zaune in rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa, in ja igiyar roba da gefen tafi, in ɗaga diddige a bakin matakala, in tsaya da ƙafa ɗaya a kan matashi ina goge baki da aswaki. Ƙugun ma ya danna shi da hannu sau biyu, na ji sauƙi ƙwarai, amma wannan bai wuce minti biyar ba a cikin zama na kusan awa ɗaya, sauran duk gumina ne. Ya kuma gyara mini wani kuskure, cewa man zafi da ruwan zafi a ranar farko suna ƙara kumburi, ƙanƙara da ɗaga ƙafa sun fi dacewa da kwanakin farko, kuma doguwar kwanciya tana raunana tsoka. Ranar da na gaji na yi masa ƙorafin jinkiri, sai ya tuna mini da Ronaldo na Birazil, wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Afrilu na 2000 yana Inter Milan, ya shafe fiye da shekara yana jinya, sannan ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002.

A mako na biyar na iya kafa ƙafar dama a zaman tahiya ba tare da na ji tsiko ba, abin da na manta rabona da shi. A mako na takwas ya sa ni gudu mai kwana-kwana tsakanin robobin ruwa da tsalle da ƙafa ɗaya, da ya ga ƙafafun biyu sun yi kunnen doki sai ya sallame ni, bisa sharaɗin in riƙa ɗaure idon sawun idan zan yi wasa, in kuma riƙa ɗumama jiki da tsarin nan na minti ashirin da FIFA ta fitar mai suna 11+.

Yanzu nakan riga kowa zuwa fili saboda wannan minti ashirin, abokai suna yi mini tsiya wai tsufa ne ya zo. Makon jiya wani yaro mai tsaron baya ya dawo wasa kwana shida bayan targaɗe, na kira shi gefe na ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido. Bai kai ƙirga uku ba ya dafa kafaɗata.