Hawan Babur Mai Ƙafa Huɗu a Jan Yashin Lahbab

Duk zuwan da nake yi Dubai sarin abaya da turare, ban taɓa wuce Deira da Naif ba. Daga masauki sai kasuwa, daga kasuwa sai wajen masu kargo. Da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biza a watan Yulin 2024, bayan rufewar da ta yi tun 2022, sai na ƙudurta cewa wannan karon da babban ɗana zan tafi, mai shekara 13, a hutun Disamba. Ƙanena da ke zaune a can, wanda aikinsa shi ne kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin gine-gine, shi ya ce ba zai yiwu yaro ya zo ƙasar Larabawa ya koma bai ga sahara ba.

Bayan azahar direban yawon sahara ya ɗauke mu a Land Cruiser, wani Bapakistane mai fara'a. Muka ɗauki titin da ya nufi Hatta, dogayen benaye suka yi ta raguwa har suka ƙare, yashi ya fara sauya launi daga fari zuwa ja. Ƙasa da awa guda muka isa Lahbab. Abin da ya fara ɗaukar hankalina a hanya shi ne yawan motocin da ke jan tirela, kowace da babur mai ƙafa huɗu ɗaure a kai, wasu biyu, wasu uku. Na ce wa ƙanena, su kuwa waɗannan me ya hana su hawa abinsu su taho?

"Yaya, dirhami 50,000 ne ya hana su," in ji shi.

Ya ce tun 2017 majalisar zartarwa ta Dubai ta fitar da ƙuduri mai lamba 18 a kan baburan shaƙatawa. Dole a yi wa kowanne rajista a hukumar hanyoyi da sufuri, wato RTA, a manna masa lamba, mahayi ya sa hular kwano, kuma ba shi ba kwalta. A 2023 aka ƙara ɗaure igiyar: duk wanda aka kama yana tuƙa irin wannan babur a kan titi, za a kwashe babur ɗin, kuma ba zai fito ba sai an biya dirhami 50,000, sama da dala 13,000 ke nan. Sau da yawa kuɗin fansar ya fi kuɗin babur ɗin. Shi ya sa ko tsakanin gida da yashi taku kaɗan ne, sai an ɗora shi a tirela.

Na tuna Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ce dole 'yan acaɓa su sa hular kwano, wasu a Kano suka kifa ƙwarya a ka, suka ɗaure da igiya. Mun sha dariya a lokacin. A nan babu wanda ke wasa da dokar kwalta, don kowa ya san kyamara na kallo, kuma ɗan sanda ba ya karɓar na goro.

A bakin yashi akwai 'yan shaguna masu sayar da rawani da ruwa, a nan direba ya tsaya ya sace wa tayoyi iska, ya bar su wajen 15 a ma'auni, ƙasa da rabin abin da suke ɗauka a titi. Taya mai laushi tana shimfiɗuwa a kan yashi, mai tauri kuwa haƙa take yi ta nutse. Ya nuna mana ƙarafan da aka kewaye cikin motar da su saboda ko ta kife, ya ce shi ma sai da ya sami izini na musamman kafin ya fara ɗaukar baƙi cikin sahara, lasisin tuƙi kaɗai bai isa ba. Bai tayar da mota ba sai da ya ga kowa ya ɗaura bel. Hawa da gangarar da ya yi da mu ba zan tsaya ba da labarinsu ba; salati dai na yi shi har muryata ta dushe, ɗana kuwa ihun murna yake.

Inda maganar take shi ne filin haya. Wani fili ne da aka kewaye da tsofaffin tayoyi, babura jere, ƙanana da manya, gefe guda kuma ga ƙananan motocin nan masu kejin ƙarfe da ake kira bagi. Wani saurayi ya miƙo mini takarda da biro, yana nuna inda zan sa hannu, yana kuma kallon motar baƙin da ta tsaya bayanmu. Ƙanena ya karɓe takardar ya karanta mini ita layi-layi. Abin da take cewa a taƙaice: idan na ji rauni, ruwana, idan babur ya lalace, ni zan biya, idan na buge wani, ni da shi. Ya ƙara da cewa inshorar tafiya da yawancinmu ke saya don cika sharaɗin biza sau da yawa tana cire irin wannan wasa daga abin da take biya, kuma asibitin Dubai ba wurin da baƙo zai shiga da aljihu sakayau ba ne. Mutanen da ke gabanmu a layi duk sun sa hannu, ban ga wanda ya karanta ba.

Ɗana ya riga ya zaɓi nasa, wani ƙato baƙi. Mai hayar ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai yaron dogo ne, zai iya. A nan na ga bambancin kwalta da yashi. Dokar ta sa shekara 16 a matsayin iyaka, wanda bai kai ba ba a sakar masa babur ya yi yadda ya ga dama. Amma a wannan fili babu kyamara, babu ɗan sanda, sai mai son ya karɓi kuɗin haya da uwa mai jin kunyar ta hana ɗanta a gaban mutane. Ba duka masu haya ne haka ba, wasu an ce har fasfo suke dubawa. Wanda muka faɗa hannunsa dai tsawo ya duba.

"Umma, don Allah. Ai ƙafa huɗu ne, ba ya faɗuwa."

Wannan magana ita ce ta fi kashe mutane, in ji kawunsa, kuma ya ja shi jikin babur ɗin ya nuna masa. Mazauninsa yana sama, tayoyinsa kusa da juna, nauyinsa duk a can bisa. Da yawansu tayoyin baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, suna juyawa tare, don haka babur ɗin ba ya son kwana. Sai mahayi ya karkata da jikinsa ya tilasta masa. Dogon sirdin nan da mutane ke ɗauka wurin goyo ne, an yi shi ne don mai tuƙi ya matsa gaba in zai hau tudu, ya ja baya in zai gangara. Da an goya wani, wannan dama ta tafi. Manyan sun haura kilo 300. Yaro mai kilo arba'in da 'yan kai ba shi da nauyin da zai rinjaye shi, kuma in ya kife ba jefar da mutum yake yi ba, bin sa yake ya danne. Ga totur da babban yatsa ake dannawa, wanda ya firgita kuwa hannunsa ƙanƙamewa yake, sai ya ƙara wuta a daidai lokacin da yake neman birki.

Ba Larabawa ne suka fara gano haka ba. A Amurka, masu ƙafa uku aka fara yayi, har mace-mace suka yi yawa, a 1988 kamfanonin da ke ƙera su suka amince da gwamnati su daina sayar da su. Ƙungiyar likitocin yara ta can har yau shawararta ita ce kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya hau. Ostireliya, inda manoma ke kiwo da su, tun Oktoban 2021 ta wajabta a sayar da sababbin na aikin gona da wani ƙarfe a baya wanda zai tokare ƙasa in babur ya kife, ya bar wa mutum wurin numfashi. A waɗanda ke gabanmu ban ga mai wannan ƙarfe ba.

Muka yi sulhu a kan bagi mai kujeru huɗu, kawunsa na tuƙi, jagora na gaba a kan babur. Ita tana da keji da bel mai ratsa kafaɗu biyu. Hular farko da aka ba ɗana lilo take yi a kansa, igiyarta ta tsinke, na mayar, sai da aka zaƙulo wata. Ni kuma ƙanena ya sa na naɗe gyalena na cusa shi cikin abaya, na tattare bakin abayar tsakanin ƙafafuna. Mata 'yan uwana su ji wannan da kyau: gefen gyale in ya sauka ya kama taya, wuya zai ja. Jagoran ya yi mana gargaɗi ɗaya da ya maimaita har sau uku, cewa in motar ta karkata kada kowa ya fitar da hannu don ya dafa ƙasa, a riƙe bel a ƙirji, keji zai yi aikinsa.

Cikin tudun na gane amfanin doguwar sandar nan mai jan ƙyalle da ke bayan kowace mota. Iska ce ke gina tudun yashi, gefen da take bugawa a kwance yake, ɗaya gefen kuwa a tsaye, kuma ba ka ganinsa sai ka kai ƙoli. Wanda ke tahowa daga can ma ba ka ganinsa, tutarsa ce ke fara leƙowa. Jagora yakan sassauta a kowane ƙoli, ya leƙa, sannan ya ɗaga mana hannu. Can nesa muka hango wasu samari su uku a kan babur ɗaya, kai ba hula, suna yanka tudu a karkace, wanda shi ne hanya mafi sauri ta kifewa. Ban ga wanda ya tsayar da su ba. Kuma da za su ƙara gaba kaɗan zuwa babban tudun nan na Al Badayer, sun shiga ƙasar Sharjah, wata masarauta mai nata 'yan sanda da nata tsari. A yashi babu allon da ke gaya maka ka tsallaka.

Mun yi magariba a sansani, muka ci gasasshen nama da shinkafa. A hanyar fita direba ya sake tsayawa a shagunan nan aka mayar wa tayoyi iska, don taya mai laushi in ta hau kwalta da gudu zafi take ɗauka ta fashe. Motar 'yan sanda na tsaye a mahaɗar yashi da titi, samarin gari kuwa kowa na ta tura babur ɗinsa kan tirela yana ɗaurewa.

Ɗana, da ya yi ta kumbure-kumbure tun la'asar, ya gama lissafinsa a kujerar baya.

"Umma, saura shekara uku."

Na ce Allah ya kai mu, amma kuɗin hayar da na inshorar a cikin kuɗin Sallarsa za su fito.