Yadda Na Tattara Tarihin Kakata, da Abin da Ya Kuɓuce Mini a Zaman Makoki

Bayan rasuwar kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, dangi suka ɗora mini aikin tattara tarihinta domin a buga ɗan littafi a raba wa jikoki da tattaɓa-kunne, saboda ni ne mazaunin birnin Kano kuma ana ganin ina da hannun rubutu. Iya ta yi zamanta duka a wani ƙaramin gari da ke gefen Wudil, kuma a wasan kaka da jika ni ne maigidanta, wanda take yi wa gorin rowa duk lokacin da na je gaishe ta ban riƙo goro ba. Na karɓi aikin ina ganin babu wanda ya fi ni saninta.

Kwanaki ukun zaman makoki a ƙofar gida na yi su, a kan tabarma tare da maza, ina tambayar baffannina tsakanin wata fatiha da wata. Abin da na samu bai cika shafi ɗaya ba. Kowa ya buɗe baki sai ya ce mace ce mai haƙuri da ibada da riƙon zumunci, wanda gaskiya ne, amma magana ce da ake faɗa a kan kowace tsohuwa da ta rasu. Da na ce zan shiga cikin gida in zauna da matan da suka zo ta'aziyya, babban baffana ya ce: "Yaro, bari a watse tukuna, yanzu ba za ka ji komai a wajensu ba sai kuka da tatsuniya." Na bi maganarsa. A cikin matan nan akwai aminiyar Iya tun suna 'yan mata, wadda aka ɗauko daga wani ƙauye a ƙasar Gaya tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuna ta ce akwai maganar da za ta ba ni, na ce mata zan zo har gida bayan sadakar arba'in. Kafin arba'in ɗin ta cika ita ma Allah Ya yi mata rasuwa.

Sai da na koma garin daga baya, na zauna a tsakar gida da gwaggonnina da matan makwabta, na gane girman asarar. Ashe Iya ita ce ungozomar unguwar shekaru masu yawa, ita ke yanke cibiya, ta tsaya a kan wankan jego, ta dama kunun kanwa, kuma cikin dattawan da na yini da su a ƙofar gida akwai waɗanda a hannunta aka haife su. Ita ce kuma uwar adashin matan unguwa. Da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wanda yara ke kai mata kasuwar Wudil ranar Juma'a, ta yi wa marayu mata kayan ɗaki ba tare da mijinta ma ya san adadinsu ba.

Wahalar da na sha ita ce ta shekaru, domin tsofaffinmu ba sa lissafi da kalanda, da manyan al'amura suke yi. An ce an yi mata aure shekara ɗaya kafin rasuwar Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a ƙarshen 1953. An ce tana goyon mahaifina lokacin da Sarki Sanusi ya yi murabus, wato 1963, shekarar da aka naɗa Ado Bayero. Wata gwaggo kuma ta dage cewa ita kanta gwaggon an haife ta ne da aka yi canjin hannu, watau 1972 da motoci suka koma bin dama. Na rubuta irin waɗannan a takarda guda, har da zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956, da kisan Janar Murtala a 1976, da rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980, ina karanto su ina tambayar ko kafin wannan ne ko bayansa. Duk mai shirin irin wannan aiki ya tanadi takardar nan tun kafin ya fita, domin tambayar wace shekara ce ba ta haifar da komai sai "an daɗe".

Labarin da ya fi faranta mini rai na canjin kuɗi ne. A farkon 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya a kan naira biyu, sule ɗaya a kan kwabo goma. Hankalin matan adashi ya tashi, ana ta raɗe-raɗin cewa kuɗin da ke hannun Iya sun zama takardar banza. Ita kuwa ta ƙulle su a ɗankwali, ta nemi izinin mijinta, ta hau mota zuwa birni tare da wani ɗan uwanta, aka canza, ta dawo ta zaunar da matan ta ƙirga wa kowacce nata da duwatsu, domin ba ta yi boko ba. A shekarar ce kuma fari ya afka wa ƙasar nan, kuma daga ɗakinta aka riƙa fitar da kwanon tuwo zuwa gidajen da ba a ɗora tukunya ba. Babu namiji ko ɗaya da ya ambata mini wannan, ba don ɓoyewa ba, don dai harkar cikin gida ce da ba ta taɓa isa zaure ba.

Amma takardar shekarun nan ita ta tono mini ramin da har yau ban cike ba. Tsakanin aurenta a 1952 da haihuwar babban baffana akwai shekaru da babu wanda ya iya faɗa mini komai a kansu. Da ƙyar wata tsohuwa ta ce Iya ta taɓa haihuwar ɗa namiji kafin duk waɗanda muka sani, ƙyanda ta kashe shi bayan ya fara tafiya. Kunyar ɗan fari ta hana Iya ambaton sunansa yana raye, bayan rasuwarsa kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba. Na bi 'yar aminiyar nan har gidanta a Kurna, ta ce ta sha jin mahaifiyarta na cewa ita ta raini yaron, amma ita ma ba ta riƙe sunan ba. Ina da yaƙinin wannan ce maganar da tsohuwar ta kama hannuna za ta ba ni, kuma duk lokacin da na tuna cewa bango ɗaya ne tsakanina da ita na kwana uku, ina riƙe da wayar da ke ɗaukar murya, raina yana ɓaci.

Saboda haka nake ce wa abokaina su fara da cikin gida, su fara da mafi tsufa, kuma su yi a ranar da suka gan ta. Zaman makoki ne kaɗai yake tara irin waɗannan mata wuri ɗaya, kuma ba rashin ladabi ba ne jika ya nemi izini ya zauna kusa da su, domin su da kansu zancen mamaciyar suke yi. Kada a ce musu su ba da tarihi, sai su yi shiru su ce ba su san komai ba. A tambaye su wa ya karɓi haihuwarsu, wa ya yi musu jere, a hannun wa suke zuba adashi.

An buga littafin a wata maɗaba'a a Fagge. Mun yi jayayya da babban baffana a kan zancen ɗan farin, shi yana ganin abin da Iya ta rufe bai kamata a buɗe shi ba, gwaggonnina kuma suka ce yayansu ne, yana da haƙƙin a sa shi a addu'a. A ƙarshe aka sa shi a saman jerin 'ya'yanta da layi ɗaya, kuma baffana bai karɓi nasa kwafin ba sai da gwaggo ta kai masa da kanta.