Na Yi Wata Biyu Ina Bin Sawun Mutumin Da Ba Shi Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗaliban tonon asali. Kun ji ni shiru kwana biyu, ba ƙyuya ba ce, kunya ce ta hana ni magana. Salsalar nan da na nuna muku kwanaki ina ta doki, na yage fiye da rabinta, domin mutumin da na ɗora komai a kansa ba shi ba ne.

Ga waɗanda suka zo daga baya: maƙwabciyata a nan Norwich, wata tsohuwar Baturiya, ita ta ba ni takardar auren kakanta. A gurbin sana'ar mahaifin ango an rubuta mai niƙa. Iyakar saninta ke nan. Na ce to, ga abin koyo ya samu, tunda Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901, ba ta rowar takarda. Tun 1 ga Yuli 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ga kuma ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma.

Ga inda na yi tuntuɓe. Na sa sunan a ƙidayar 1861, sai ga mai niƙa a wani ƙauyen Norfolk, gundumar da Norwich ke ciki, shekarunsa sun yi daidai. An rubuta yana da ma'aikata biyu da yaro ɗaya, domin a lokacin ana tambayar masu sana'a yawan mutanen da ke ƙarƙashinsu. Na same shi a kundin 'yan kasuwa da kamfanin Kelly ya riƙa bugawa, na kuma ga ya bar wasiyya a jerin gādon da aka fara tattarawa a 1858. Duk inda na juya yana nan. Wannan sauƙin shi ya kamata ya sa ni tsarguwa, amma ina! Daɗi ya ɗebe ni.

Abin da ya tona asiri layi ɗaya ne. Kundin haihuwa na babban ofishin rajista da ke intanet yana nuna sunan gidan su uwa kafin ta yi aure. Da na duba haihuwar angon, sunan gidan su mahaifiyarsa bai dace da na matar attajirin nan ba ko kusa. Ashe su biyu ne masu suna ɗaya, ƙauyukansu kusa da juna, tazarar haihuwarsu shekara biyu. Mu da muka saba da Musa Ibrahim goma a unguwa ɗaya, bai kamata wannan ta ci ni ba.

Namu mutumin ɗan ƙodago ne. Kalmar da za ku nema a gaban sana'arsa ita ce journeyman, wato wanda ya gama koyon aiki amma yana yi wa wani a biya shi lada. Ba shi da gidan niƙa, ba shi da fili, saboda haka ba ya cikin kundin 'yan kasuwa, bai bar wasiyya ba, kabarinsa ma babu dutse. Irinsa ba ya shiga takarda sai ranar da hukuma ta zo ƙirga kawuna ko limamin coci ya buɗe littafinsa. A 1851 yana ɗan shekara ashirin, yana kwana a gidan ubangidansa, an lissafa shi cikin barori. A 1861 ya yi aure. Daga nan kowace ƙidaya ƙauye daban, kuma garuruwan da aka haifi 'ya'yansa su suka zana mini hanyar da ya bi: wannan a nan, na biye mil shida gaba, na uku sun dawo kusa da inda suka taso. Ku riƙe wannan dabarar, ta fi taswira amfani. Ƙidayar 1841 kuwa kada ku dogara da shekarunta, domin duk wanda ya haura sha biyar ana rage masa zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, ɗan 29 ya koma 25, kuma ba ta faɗin dangantakar mutanen gida.

Na tsaya na karanta yadda aikin yake, don in daina kallonsa kamar suna a jadawali. Norfolk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai iska, shi ya sa gidajen niƙa masu fukafukai suka yi yawa. Iska ba ta san dare ba, in ta taso ƙarfe biyu na dare sai a tashi, in ta kwanta mako guda aiki ya tsaya. Duwatsun niƙan alkama mafi kyau daga Faransa ake kawo su, gutsi-gutsi ake haɗawa a ɗaure da ƙarfe. Suna dakushewa kamar dutsen niƙan kakanninmu, sai an ɗaga na sama an sake sassaƙa tsagoginsa da gizago na musamman, ɓarɓashin ƙarfe yana shiga fatar hannu ya bar baƙaƙen ɗigo har mutuwa. Ga ɗaukar buhu, ga ƙurar gari a ƙirji shekara da shekaru.

A 1881 yana nan a matsayin mai niƙa. A 1891 an rubuta lebura kawai. Da farko na ɗauka tsufa ne ko shaye-shaye, har na kusa rubuta haka, Allah Ya tsare. Sana'ar ce ta mutu ta bar shi. Tun da aka soke dokokin harajin hatsi a 1846 ƙofa ta buɗe, amma sai a shekarun 1870, da jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi suka rage kuɗin dako, alkamar Amurka ta malalo da arha. Alkama ce mai tauri, ta fi dacewa da sabon injin da ke murƙushe ƙwaya tsakanin gangunan ƙarfe, wanda aka gwanance da shi a ƙasar Hangari. Wani injiniya, Henry Simon, ya kafa irinsa a Manchester a 1878, aka kuma yi babban baje kolin injinan niƙa a Landan a 1881. Joseph Rank na Hull, wanda shi ma da gidan niƙa na iska ya fara a 1875, bayan shekara goma ya koma ga sabon injin. Manyan masana'antu suka kafu a bakin tashoshin ruwa irin su Liverpool da Hull da Landan, suna fitar da farin gari mai jure ajiya. Na ƙauye aka bar su da niƙa abincin dabbobi, ubangida ya sallami yaransa ya ci gaba shi da ɗansa. Ba mamaki babban ɗan mutumin namu a Hull na same shi, yana dako a tashar jiragen ruwa.

Takardar mutuwarsa, wadda na saya da 'yan fam kaɗan, ta ce ciwon ƙirji ne ya kashe shi, a gidan gajiyayyu irin wanda dokar talakawa ta 1834 ta kafa. Sai da na yi jinkirin kwana uku kafin in gaya wa maƙwabciyata, don na san tsofaffinsu har yau suna jin sunan gidan nan kamar abin kunya. Na yi mata bayani cewa zuwa ƙarshen ƙarnin, sashen marasa lafiya na gidan shi ne asibitin talaka, kuma matarsa tana waje tana wankau a ƙidayar 1901. Ta yi shiru, sannan ta ce in ƙara shayi.

Matar ce ma ta ba ni aikin da ke gabana. Ƙidayar 1911 ita ce ta farko da aka adana takardun da mutanen gida suka cika da hannunsu, kuma ta tambayi matan aure 'ya'ya nawa suka haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. Ba a tambayi waɗanda mazansu suka mutu ba, amma ita ta amsa. Jami'i ya ja layi a kai, sai dai ana iya karantawa: tara, biyar, huɗu. Ni kuwa shida kawai na sani daga ƙidaya. Misali, yaron da aka haifa a 1863 ya rasu a 1865 babu ƙidayar da za ta gan shi. Na koma kundin haihuwa, na sa sunan gidan miji da na gidan su matar, ina bi shekara-shekara, sai ga biyu sun fito, duk sun rasu kafin yaye. Ɗaya daga cikinsu sunanta aka sake mayar wa ƙanwarta, abin da ya daɗe yana rikita mini lissafin shekaru.

Saura ɗaya. Kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye alhakin rajistar haihuwa ba, don haka wasu yaran sun zame. Akwai giɓin shekara huɗu tsakanin ɗa na biyar da na shida, lokacin suna wani ƙauye kusa da King's Lynn. Ranar Talata in sha Allahu zan je ma'ajiyar tarihi ta Norfolk in nemi littafin jana'iza na cocin ƙauyen. Wanda ya iya karanta rubutun limaman nan mai kama da tafiyar tsutsa, don Allah ya shirya, zan turo hotuna.