Ruwan burtsatse ne ya cinye famfon Corolla ta

Har yanzu raina a ɓace yake idan na tuna abin da na gani a cikin injin nan. Corolla ce 'yar 2005, mai injin 1ZZ-FE, tana ɗaukar zafi a cunkoson Kurna a Kano amma a kan titin Zariya lafiya lau. Lagireto ba ya yoyo, fanka na juyawa. Da na kwance famfon ruwa sai na tarar fukafukansa sun zama kamar tsohon gwangwanin madara, tsatsa ta cinye kusan rabi. Wanda ya riƙe motar kafin ni ruwan burtsatse zalla yake zuba mata, kuma wani bakanike ya cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, ya haɗa fanka kai tsaye, wai "ai nan ba Turai ba ce".

Wannan maganar ta kashe injuna da yawa a garin nan. Tamostat ɗin motar a digiri 82 yake buɗewa. Idan babu shi, da sanyin safiyar hunturu injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, mota ta yi ta sha. Shi kuwa ruwan zalla ba shi da maganin tsatsa, ga gishirin da yake bari a cikin bututun lagireto.

Aikin canza famfon kansa ba wuya. Injin ya huce sarai, ka tsiyaye ruwan ta ƙasan lagireto, ka sa sifana 19 ka danne abin da ke ɗaure bel ka zare shi. Cire altaneta yana ba hannu wuri, amma ka fara cire kan batir. Famfon kusoshi shida ne, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka jera su a kan kwali yadda suka fito. Jikin injin alminiyam ne, ɗaurin bai wuce 9 zuwa 11 Nm ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ka matse da ƙarfin tuwo, zaren ya tafi. Sabuwar robar da ke zagaye famfon dole ce, kada a maye gurbinta da gam.

A Ƙofar Ruwa na samo famfon kamfanin Aisin, su ne ke yi wa Toyota. Ka juya shi da hannu kafin ka biya, kada ka ji girgiza ko ƙara. Wajen sa tamostat, ɗan ramin nan mai ƙaramin ƙarfe yana lilo ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Wankin ne ya cinye min yini. Ruwa ja-ja-ja ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba, duk aikin burtsatsen nan. Sai da ya fito fari na zuba ruwan sanyaya inji na Toyota, kusan lita shida da rabi. Iri biyu ne: ja ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, mai ruwan hoda kuma a haɗe yake zuwa. Na bar murfin lagireto a buɗe, hita a kan zafi, har kumfa ta daina tasowa, sannan na mayar da fanka kan waya ta asali.

Allah ya taimake ni gasket ɗin kan silinda bai ƙone ba, da yanzu ana maganar sauke inji. Duk wanda ya nufo lagiretona da jarka yanzu, sai na ga abin da ke ciki tukuna.